Talata: tsinin 995 ya bayyana

Da safe na fitar da katalis ɗin banadiyam na kan silika daga tanda, wato garin da ke hanzarta mayar da metanol fomaldihayid. Silikar giram 2 ce, mai faɗin fuska murabba'in mita 300 a kowane giram. Shekaranjiya na narkar da giram 0.135 na amoniyam metabanadet da giram 0.29 na asid ɗin okzalik cikin ruwa mililita 2, daidai abin da ramukan silikar za su shanye ba tare da ta yi caɓi ba. Da ruwan ya ji ɗumi sai ya rikiɗe shuɗi, alamar banadiyam ya sauko zuwa V⁴⁺. Na jiƙa silikar da ruwan, garin ya kwana yana bushewa a digiri 120, jiya kuma ya gasu awa 4 a digiri 500 cikin iska.

Garin ya fito kusan fari, amma kafin in gama kwashe shi ya fara komawa ruwan ɗorawa. Laimar iska yake sha. Wanda ya auna shi a haka, fuskar da ruwa ya sauya ya auna. Shi ya sa na zuba shi a ɗakin awo na na'urar Raman, mai haska samfuri da leza ta zana tsinaye da ke nuna irin haɗin atom ɗin cikinsa, na bi shi da busasshiyar iskar oksijin a digiri 450 tsawon awa ɗaya, na kuma rage ƙarfin leza kada ta dafa samfurin.

Tsinin da nake nema ya fito wajen 1040 cm⁻¹, wato V=O, haɗin banadiyam da oksijin, na banadiyam da ya baje ɗai-ɗai a fuskar silika. Sai ga wani siriri mai kaifi a 995, da 'yan rakiyarsa a 285 da 145. Kiristal ɗin V₂O₅ ke nan, wato banadiyam oksayid da ya dunƙule wuri guda. Abin ya tsaya min a rai, domin lissafi bai wuce atom 1.2 a murabba'in nanomita ba, alhali silika tana ɗaukar kusan 3 kafin kiristal ya fito.

Bai kamata tsayin tsinin ya ruɗi mutum ba: kiristal yana amsa leza kamar ninki goma fiye da wanda ya baje, kaɗan ne ke yin kama da mai yawa. Amma kaɗan ɗin ma asara ce. Wajen mayar da metanol fomaldihayid, mahaɗar V–O–Si, inda oksijin ya haɗa banadiyam da silika, ita ce wurin aiki, kuma banadiyam da ya shige cikin kiristal tururin metanol ba ya kai masa.

Laifin na ruwa ne. Rukunan OH na silika, wato wuraren da banadiyam ke maƙalewa a fuskarta, ba su da zafin kamu, don haka yayin bushewa banadiyam ɗin da ya narke yakan bi ruwa ya dunƙule wuri guda. Titaniya da alumina sun fi riƙo, suna kai atom 8 kafin kiristal ya fito.

Na riga na sa sabuwar silika ta bushe. Gobe da banadiyam aisofuropoksayid zan jiƙa ta, cikin aisofuropanol, a akwatin naitirojin inda laima ba ta shiga.