Abin da na gani da muka kafa kyamara a zauren majalisa

Ina aiki a sashen yaɗa labarai na wata ƙaramar majalisa, irin wadda ke yanke shawara kan gyaran hanya, kwashe shara da ba da kwangilar ginin asibiti. Lokacin da aka ɗora mini nauyin amfani da bidiyo don jama'a su ƙara yarda da hukuma, abin da manya ke nufi ba ɓoyayye ba ne: a ɗauko shugaba yana buɗe sabon aiki, a sa kiɗa mai daɗi, a ɗora a Facebook. An yi hakan na wani lokaci, kuma ana kallo. Sai dai tambayoyin da ke biyo baya ba sa canzawa. Nawa aka kashe? Wa aka ba kwangilar? Me ya sa unguwar can aka fara ba tamu ba? Babu ɗaya daga cikinsu da bidiyon buɗe aiki ke amsawa, domin amsoshin suna zauren da aka yi muhawara, kuma nan ne kyamara ba ta shiga.

Sai na kai shawarar a riƙa watsa zaman majalisa kai tsaye, daga buɗewa har tashi, ba tare da an yanke komai ba. Shugaba ya dube ni ya ce, "In kansiloli suka kaure da rigima fa, duniya na kallo?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai rigimar tana fita ko da kyamara ko babu, sai dai in babu, kowa da gishirin da zai ƙara mata." Na kuma tuna masa cewa ba mu ne farau ba. Tashar C-SPAN ta fara nuna zaman majalisar wakilan Amurka a 1979, majalisar wakilan Birtaniya ta yarda da kyamarar talabijin a 1989 bayan doguwar jayayya, Brazil kuwa tun 2002 take nuna alƙalan kotun ƙolinta suna muhawara a tashar TV Justiça. Ya amince, amma a matsayin gwaji.

Batun kayan aiki ba shi da tsawo. Murya ta fi hoto muhimmanci nesa ba kusa ba. Mutum zai jure wa hoto mai dishi-dishi, amma da zarar ya kasa jin adadin kuɗin da aka ambata, ya tafi, kuma zai tafi da zargin da gangan aka yi. Kuɗinmu a makirufo ya tafi, kyamarar kuwa ta talaka ce.

Inda za a ajiye kyamarar ne ya zama siyasa. Wasu kansiloli sun so a riƙa nuna fuskar mai magana kaɗai. Na nace a bar kyamara ɗaya tana ɗaukar zauren baki ɗaya, saboda wani abu da ya faru a Amurka a 1984. A lokacin wasu 'yan majalisa, ciki har da Newt Gingrich, sukan tsaya bayan an watse su yi ta zazzafan jawabi kamar suna ƙalubalantar abokan hamayya ido da ido, har sai da kakakin majalisar, Tip O'Neill, ya sa aka juya kyamara ta nuna kujerun da babu kowa a kai. Mai riƙe da kyamara shi ke zaɓar gaskiyar da za a gani. A wurinmu, faffaɗan hoton ne ya fara nuna wa masu zaɓe wane ne ke zuwa zama, wane ne kujerarsa kullum wayam.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ya zo ne bayan 'yan watanni. Zaman majalisa ya fara gajarta. Muhawarar da a da kan ci rabin yini sai ta koma karanta ƙuduri, a ce an amince, a buga guduma. Kowa ya zama mai ladabi. Ashe ainihin ciniki ya ƙaura zuwa wani "ɗan zaman tuntuɓa" da ake yi a ofis kafin a shigo zaure, sai a zo gaban kyamara a maimaita abin da aka riga aka gama. A takarda mun buɗe ƙofa, a zahiri kuwa mutane sun fi lokacin baya rashin sanin dalilin kowane hukunci. Wannan ba matsalar da mai kyamara zai iya magancewa ba ce, sai ƙa'idar zama. Da taimakon akawun majalisa da wasu kansiloli da su kansu ba a gayyatarsu zaman tuntuɓar, aka shigar da sharuɗɗa: a wallafa ajanda da takardun kasafi kafin ranar zama, a kira sunan kowane kansila ya faɗi ƙuri'arsa da bakinsa, in kuma za a shiga zaman sirri, shugaba ya faɗi dalili kyamara na ɗauka. Zaman tuntuɓa bai mutu ba, ba kuma zai mutu ba, amma wanda ya san zai furta "na amince" da sunansa yakan so ya yi wa mutanensa bayani.

Wani abu kuma, kusan babu mai zama ya kalli bidiyon awa uku, balle a waya da data mai tsada. Muka riƙa rubuta minti da daƙiƙar da kowane batu ya fara, muka yanka gajerun bidiyoyi masu ɗauke da rubutu a ƙasa saboda kurame da masu kallo ba sauti, kowanne da mahaɗin da zai kai mutum cikakken zaman. Nan ma akwai tarko, don mai yanka yana iya zaɓar inda maigidansa ya burge kaɗai. Dokar da na kafa wa kaina ita ce kowane batu na ajanda sai ya samu nasa guntun, ko shugaba ya haskaka a ciki ko ya sha tambayar da ya kasa amsawa. Na sha kiran waya a kan wannan.

Ranar da aka yi muhawara mafi zafi kan wata kwangila, intanet ya yanke ana tsakiyar magana. Babu wanda ya yarda tsautsayi ne. Abin da ya cece mu shi ne muna naɗar kwafi a na'urar kanta, muka ɗora shi cikakke a daren, da agogo yana tafiya a kusurwar hoton. Jinkiri a irin wannan rana ya fi rashin kyamarar illa. A birnin Shikago, ɗan sanda ya harbe matashi Laquan McDonald a Oktoban 2014, amma bidiyon motar 'yan sanda bai fito ba sai Nuwamban 2015, bayan alƙali ya ba da umarni, kuma fushin jama'a kan ɓoyewar ya yi daidai da fushinsu kan abin da ke ciki. Kyamara ita kaɗai ba magani ba ce, don ko binciken kyamarorin da 'yan sanda ke maƙalawa a ƙirji bai tsaya kan magana ɗaya ba: a Rialto ta Kalifoniya, gwajin 2012 ya nuna ƙorafe-ƙorafe sun ragu ƙwarai, amma babban gwajin birnin Washington da aka fitar a 2017, mai jami'ai sama da 2,000, bai ga wani canji a zo a gani ba.

Talakan da ya zo kawo kuka kuwa ba ɗan siyasa ba ne, bai nemi suna ba. Mukan sanar da shi ana ɗauka, in ya ƙi a nuna fuskarsa sai a karkatar da kyamara ko a karanta takardarsa. Muna kuma ajiye ainihin kowane zama a rumbun majalisa, ba a shafin kamfani irin Facebook kaɗai ba. Tun da aka yaɗa bidiyon bogi na shugaban Yukren, Zelensky, a Maris ɗin 2022 yana cewa sojojinsa su ajiye makamai, na san wata rana za mu buƙaci asalin da za a gwada jabu da shi.

Ko jama'a sun ƙara yarda da majalisar? A ganina ba su ƙara son ta ba, wasu ma da suka ga yadda wakilinsu ke magana sun raina shi. Abin da ya canza shi ne irin zargin. A da sai a ce "duk ɓarayi ne". Yanzu mutum kan zo ofis ya ce a zaman watan jiya, minti kaza, an ce za a gama magudanar ruwa kafin ƙarshen shekara, ina aka kwana? Irin wannan tambayar tana da amsa, kuma akwai jami'in da za a nuna ya bayar da ita. Yanzu kokawar da nake yi ta shigar da kyamara zaman kwamitin kuɗi ce da ranar buɗe takardun neman kwangila, kuma takardar buƙatar tana kan teburin shugaba, bai sa hannu ba tukuna.