Wutar ƙaiƙayi: aiki da masu HIV-2 a Kumasi

Aikina ɗibar jini da bai wa masu ɗauke da ƙanjamau shawara a wani asibiti a Kumasi. Da yake Hausa ce bakina, duk wanda ya zo daga Aboabo ko Asawase wurina ake turo shi. Ƙwayar cutar ƙanjamau iri biyu ce, HIV-1 da HIV-2. Galibinsu HIV-1 ce a jikinsu. HIV-2 sai jefi-jefi, alhali ita ce 'yar gida: a 1986 masu bincike a Faransa suka fara ware ta daga jinin marasa lafiya 'yan Guinea-Bissau da Cape Verde, kuma asalinta daga wani biri ne na dazukan Afirka ta Yamma.

Wahalar masu HIV-2 ita ce takardar gwaji tana yi musu daɗin baki. Da yawansu, ko magani ba su fara ba, ƙwayar cutar kaɗan ce a ruwan jininsu. Ga shi kuma yawancin na'urorin auna ta don HIV-1 aka ƙera su, don haka in takarda ta ce ba a gani ba, wani lokaci na'urar ce ba ta san abin da take nema ba.

Wata dattijuwa mai sayar da koko ta aje min takardarta a tebur, ta kwance bakin zane ta fito da robar maganin, cike fal.

"Ɗana, tunda an ce babu, haɗiyar ƙwayar nan ta mece ce?"

"Iya, a ruwan jini ne ba a gani ba. Can ciki tana nan."

Na buɗe katinta na nuna mata adadin CD4, sojojin garkuwar jiki, yana sauka sannu a hankali daga gwaji zuwa gwaji. Ƙwayar cutar tana cusa rubutun halittarta cikin na waɗannan sojoji, ta zauna a kaluluwa da bangon hanji tana kwafar kanta, garkuwar jiki kuma kullum a tsaye har ta gaji. Wutar ƙaiƙayi ke nan, sama toka, ƙasa tana ci. Binciken da aka yi shekara da shekaru kan 'yan sandan Guinea-Bissau, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna HIV-2 ma tana kai mutum ga kwanciya, sai dai tana ɗaukar wajen shekara 14 inda HIV-1 ke ɗaukar 6.

Shi ya sa yanzu, kafin komai, nake duba layin da ya fito a tsinken gwaji, in na HIV-2 ne ko duka biyun, sai in nemi a tabbatar. Ina kuma tambayar tsohon kati, domin magungunan efavirenz da nevirapine da aka daɗe ana bayarwa ba sa taɓa HIV-2 ko kaɗan. Haɗin da ke da dolutegravir shi ke aiki. Iya dai ta koma shan nata bayan sallar isha'i, na kuma rubuta mata ranar sake gwajin CD4 a bayan katin.