Litinin ɗin masu targaɗe

Litinin, tsakiyar hunturu, Kaduna.

Raunin da aka kwaso a filayen unguwa ranar Asabar da Lahadi sai Litinin yake isowa ɗakin fisiyo, sashen asibiti mai jinyar gaɓoɓi da tsoka ta hanyar motsa jiki, bayan an gama gwada na gida. Ga shi hunturu ya busar da filaye sun yi tauri kamar daɓe, ƙusoshin takalmi ba sa kama ƙasa, ƙafa ba ta da wuyar gurɗewa.

Na farko yau matashi ne daga Rigasa, yayansa ya goyo shi a babur. Ya tashi sama zai sa wa ƙwallo kai, ya dira a kan ƙafar abokin karawa, tafin ƙafarsa ta dama ya juya ciki. Idon sawun ya kumbura suntum ta waje, fata har sheƙi take, tana tashin warin man zafi. Tun daren Asabar aka gasa da ruwan zafi aka murza, jiya kuma aka kai wa mai ɗori ya ja. Yayan ya ce, "Likita, wallahi ba abin da ba mu yi ba." Na ce, "Malam, ai abin da ya ƙara kumburin ke nan."

Targaɗe yagewa ce a jijiyoyin da suka ɗaure ƙashi da ƙashi. Ta wajen idon sawu guda uku ne, ta gaban ita ta fi saurin yagewa. Ƙananan hanyoyin jini na wurin sun fashe suna tsiyaya a ciki. Ruwan zafi ƙara buɗe su yake yi, murza kuma ta fama raunin. Ja kuwa, zanen da ya fara yagewa ba a jan sa. Gashi yana da ranarsa, amma ba a kwana ukun farko ba.

Kafin komai sai a tabbatar ba karaya ba ce. Akwai ƙa'idar da likitocin Ottawa ta Kanada suka fitar a 1992. A danna bayan ƙashin idon sawu, na ciki da na waje, daga bakinsa zuwa sama kimanin santimita 6. A danna gindin ƙashin da ya tafi ƙaramin yatsa, a gefen ƙafa, sai ɗan ƙashin da ya turo ta ciki, gaba kaɗan da idon sawu. Sannan a ce ya yi taku huɗu. In ƙashi ya amsa da zafi a ɗaya daga wuraren nan, ko taku huɗun ya gagara, sai hoto. Yaron ya taka huɗu yana ɗingishi yana cije leɓe, zafin kuma a nama yake, gaban ƙashin waje. Kuɗin hoto ya huta.

Abin yi a gida ba shi da tsada. Fiya wata mai ƙanƙara leda biyu, a naɗe da tawul mai danshi, a ɗora minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye, ƙuna take yi. Bandeji mai roba a faro shi daga gindin yatsu a yi sama, ana zagaya idon sawu kamar lamba 8. Da yawa daga ƙwauri suke farowa, sai kumburi ya taru a yatsu. In yatsun suka yi sanyi ko suka fara dindiris, ɗaurin ya yi yawa, a sassauta. Kwanciya kuma da filo biyu ƙarƙashin ƙafa, ta ɗara ƙirji tsayi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne bayan kumburi ya saɓe. Zafi ya tafi a sati biyu, koci yana neman ɗan wasansa, yaro ya koma fili, sati uku a sake goyo shi. Jijiyar nan ba igiya ce kawai ba, ita ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa take zaune a ƙasa. In ta yage saƙon yakan makara, tsoka ba ta riƙe gaɓar a kan lokaci. Wannan sai an sake koya wa ƙafa. Daga yau matashin na Rigasa zai riƙa rubuta baƙaƙen boko a iska da babban yatsa, sau uku a rana, yana takawa gwargwadon yadda zafi ya bari. Kwana kaɗan a gaba, a maƙala tsohuwar robar tayar keke a ƙafar gado, ya tura ƙafa waje sau 15, zagaye uku. Sai ɗaga dunduniya a tsaye, da ƙafa biyu, daga baya da ɗaya. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, ido buɗe, ido rufe, sannan a kan filo. Ba zai taɓa ƙwallo ba sai ya yi ɗan gurgu sau goma babu zafi, ya yi gudu yana karya kwana ƙafar ba ta rawa, kuma da ɗauri a idon sawu na wasu watanni.

Sauran na yau ba su ɗau lokaci ba: ciwon gwiwa biyu, da wani dattijo mai zagayen Dandalin Murtala da asuba, dunduniyarsa ke sukarsa a takun farko.

Da La'asar wani kocin yara daga Tudun Wada ya zo tambaya a kan tsokar bayan cinya, 'yan wasansa uku ta tsinke musu a wata guda. Ashe ɗumama jikinsu zagaye ɗaya ne na fili, sai a hau buga ƙwallo cikin sanyin safiya. Na rubuta masa tsarin ɗumama jiki da ake kira FIFA 11+, atisaye 15 cikin minti 20, aƙalla sau biyu a sati. A ciki akwai wanda yake nema: yaro ya durƙusa, abokinsa ya danne masa dugadugai, ya sulalo gaba a hankali baya a miƙe, ya tare da hannu in ya kusa ƙasa. Sau uku zuwa biyar ya isa a farko, don kwana biyu cinya za ta yi tsami. Ya ce ranar Alhamis zai zo da ukun a duba su.