Idan dattin kunne ya toshe: a jiƙa shi, kada a tono

Abin da muke kira dattin kunne ba ƙazanta ba ne. Maiƙo ne da fatar bakin ramin kunne ke fitarwa domin ya kama ƙura, ya hana fatar bushewa da ƙaiƙayi. Ramin kunnen babban mutum tsawonsa kusan santimita 2.5 ne, kuma kashi ɗaya cikin uku na wajensa ne kawai ke yin wannan maiƙo. Tauna da magana su ke turo shi waje a hankali. Saboda haka idan aka same shi ya cushe can kusa da dodon kunne, galibi hannu ne ya kai shi: auduga mai tsinke, gashin kaza, tsinken ashana, murfin biro. Kaɗan ke mannewa a jikin audugar, sauran kuwa sai a danna shi ciki. Masu yini da iyafis a kunne su ma suna tare masa hanyar fita.

Alamar toshewa ita ce ji ya ragu, kunne ya yi nauyi, wani lokaci da ƙara a ciki. Yakan tsananta bayan wanka, don dattin na shan ruwa ya kumbura.

Don jiƙa dattin, man zaitun mai tsabta ya isa. A dumama kwalbar a tafin hannu, ba a kan wuta ba. Mutum ya kwanta ta gefe, kunnen da ya toshe yana sama, a ja ganyen kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, a ɗiga ɗigo 2 zuwa 3. Ya zauna haka minti 5 zuwa 10, sannan ya tashi ya goge abin da ya zubo. A yi haka sau 2 ko 3 a rana, kwana 3 zuwa 5. Kada a toshe da auduga bayan an ɗiga, don ita za ta shanye man. A kwanakin farko ji na iya ƙara raguwa. Dattin ne ke laushi yana kumbura, kuma nan ne mutane da yawa ke karaya su koma ga tsinke. Yawanci cikin mako 2 yake fita da kansa.

In bai fita ba, ana iya wankewa da sirinjin roba mai kama da ƙwallo, wanda ake samu a kemis. Ruwan ya zama daidai ɗumin jiki, wajen digiri 37. Mai sanyi ko mai zafi yana motsa sashen kunne na ciki da ke riƙe daidaiton jiki, sai jiri da tashin zuciya. A matsa a hankali, a nufi bangon ramin ba tsakiyarsa ba, sannan a karkata kai ruwan ya fito.

Wanda dodon kunnensa ya taɓa hujewa, ko aka yi masa aiki a kunne, ko kunnen na zubar da ruwa ko mugunya, kada ya zuba mai ko ruwa. Mai ciwon suga ma ya bar wankewar, don ƙaramin rauni a fatar ramin kan zame masa ciwo mai wuyar magani. Su da ƙananan yara, da duk mai zafin kunne, zazzaɓi, ko wanda ji ya ɗauke masa farat ɗaya, likitan kunne, hanci da maƙogwaro za su gani. Yana da na'urar zuƙe dattin yana kallon cikin ramin.