Ranar da na kai huhun rago aji

Shekara shida ina zana huhu a jikin allo, yara suna kwafa suna haddace sunaye saboda WAEC. Wata rana na tambayi wani yaro a SS2 me ke cikin huhu, ya ce, "Malam, fanko ne kamar ƙwallo." Ban ga laifinsa ba, haka zanena yake nunawa. A ranar na ƙudurta sai sun ga na gaskiya.

Na yi sammako na tafi Abbatuwa, kuma tun a nan na fara yin kuskure. Cewa kawai na yi a ba ni huhun rago. Mahaucin ya ɗauka farfesu za a yi, kafin in ankara ya tsarga masa wuƙa biyu, ya jefar da maƙogwaron. Huhun da aka yanka ba ya riƙe iska. Washegari na koma na ce, "Sarkin Fawa, ɗaya nake so a haɗe, da maƙogwaro da zuciya, kada wuƙa ta taɓa shi." Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai da ɗalibanka sai Allah." Na sa shi cikin kula mai ƙanƙara na ɗaure a bayan babur.

Da maƙogwaron muka fara. Kowa ya sa safar hannu ya shafa zobban guringuntsin da ke jere a jikinsa. Zobban ba su rufe ba, ta baya a buɗe suke, daidai inda hanyar abinci ta jingina, don loma ta samu wurin wucewa. A jikin babban mutum akwai irinsu 16 zuwa 20, su ne ke hana bututun mannewa idan an ja numfashi. Na nuna musu ɗan murfin da ke rufe hanyar iska lokacin haɗiya. Nan take aji ya ɗauka, "Belu ne!" Ba shi ba ne. Belun da wanzamai ke cirewa yana sama, a ƙarshen ganda. Wannan murfin yana ƙasa, kuma idan ya makara wajen rufewa ne mutum ke ƙwarewa.

Sai na zura bakin famfon keke a maƙogwaron, na ɗaure da kyauron roba. Kada wanda zai gwada ya hura da baki, ɗanyen nama ne kuma abin da ke ciki yana iya dawo maka. Bugu uku, abin da ke kwance a yamutse ya tashi ya kumbura, launinsa ya washe. Ajin da ba ya shiru ya yi tsit. Na yanki ɗan guntu na jefa a bokitin ruwa tare da guntun hanta. Hanta ta nutse, huhu ya tsaya a sama, domin cike yake da ƙananan jakunkunan iska kamar soso. A huhun mutum sun haura miliyan 300, kowace da siraran jijiyoyin jini a kewaye. A nan jini ke karɓar oksijin ya sauke kabon dayoksaid. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, wadda muke fitarwa kuwa kusan kashi 16.

Ina cikin jin daɗi wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu. "Malam, mu wa yake buga mana famfon?" Sai na gane gwajin nawa ya koya musu abu a juye. Famfo tura iska yake yi, jikinmu kuwa zuƙo ta yake yi, kuma huhu ba shi da tsokar da zai buɗe kansa. Faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki ce ke sauka ƙasa, haƙarƙari ya ɗaga, ƙirji ya yi faɗi, iska ta biyo da kanta. A rago da aka feɗe duk wannan babu.

Mako na gaba muka yanke gindin robar ruwa, muka rataya balan-balan a ciki ta baki, muka rufe ƙasan da wata balan-balan. Ka ja ta ƙasa, ta cikin ta kumbura ba wanda ya hura. Ya kamata a ce da wannan na fara, kafin rago.

Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, rabin ajin tari suke yi. Na yi amfani da wannan na bayyana majina da 'yan mitsi-mitsin gashin cikin hanyar iska da ke share ƙura suna turo ta sama, da yadda hayaƙin taba ke kashe musu ƙarfi. Na sa kowa ya ƙirga numfashin na kusa da shi na minti ɗaya. Yawanci suka faɗa tsakanin 12 da 20. Na tura biyar su zagaya fili da gudu su dawo, muka sake ƙirgawa. Wanda ya ce huhu fanko ne ya kai 34, yana haki yana cewa a sake, wai abokinsa ya yi masa ƙari.