Na koma aji da goyo don in koyi ɗaukar hoton asibiti

Ina da yara uku da digirin fizis da nake koyarwa da shi a wata sakandare lokacin da na cike fom ɗin DE na JAMB, wato na shiga jami'a kai tsaye ga mai wata takardar gaba da sakandare, na nemi rediyogirafi. A gida kowa ya ɗauka likita zan zama, sai da na yi ta bayani cewa mu ne masu ɗaukar hoton, eksire da CT da MRI da sikanin, likitan hoto shi ke rubuta abin da ya gani a ciki. Karatun shekara 5 ne, mai DE ta fara daga aji 2, kuma a arewa akwai shi a BUK da Danfodiyo ta Sakkwato da jami'ar Maiduguri.

Aji 2 anatomi ne ya sha min kai, sunan kowane ƙashi da kowane ɗan tudu da ke jikinsa, ni da na baro haddar shekara da shekaru. Amma karatu dai ana yinsa, bayan asuba kafin yara su tashi. Abin da ya kusa kayar da ni fostin ne, wato zuwa koyon aiki a asibitin koyarwa, don lakca in kin makara ƙawa za ta ba ki littafinta ki kwafa, amma majinyaci ba ya jira, ƙarfe 8 ki kasance a ɗakin hoto, ga kai yara makaranta, ga na goye bai daina nono ba, ranar da zazzaɓi ya kama ɗaya kuwa shikenan lissafi ya rushe. Da ƙanwar maigidana ba ta dawo gidanmu da zama ba wallahi da ban kai ba. Duk wadda ta tambaye ni yanzu, ce mata nake ki fara sama wa yaranki mai riƙo tukun kafin ki sayi fom, kuma ku yi maganar da maigida a fili, har da kuɗin mota.

Sai zancen haihuwa, surukata kullum cewa take "yarinyar nan na'urar nan za ta hana ki haihuwa". Na ce Hajiya ai ba a tsaye muke a gabanta ba, bayan katanga mai dalma muke laɓewa, in dole sai mun tsaya kusa akwai rigar dalma, ga ɗan bajon da muke maƙalawa a ƙirji yana auna hasken da ya taɓa mu. MRI ma maganaɗisu ne, sikanin kuma sauti. Abu ɗaya dai, in kika samu ciki kar ki yi ta kunyar nan tamu ta ɓoyewa har wata huɗu, ki faɗa wa shugaban sashe da wuri a sauya miki wurin aiki, don watannin farko su ne masu haɗari ga ɗan tayi.

Bayan gamawa akwai rantsuwa da rajista da hukumar RRBN mai rajistar masu ɗaukar hoton asibiti, sai intanshif, wato aikin sanin makama, na shekara 1, bautar ƙasa kuma na wuce shekara 30 sai takardar yafiya aka ba ni. Yanzu yawancin matan da aka turo hoton ƙirji ko na mama, suna leƙowa su ga mace ce sai ki ji sun ce alhamdulillahi, su cire mayafi ba gardama, in ce Hajiya ja numfashi, riƙe, kar ki motsa, saki.