Wata uku ina shan citta da lemun tsami saboda yurik asid

Wajen ƙarfe uku na dare babban ɗan yatsan ƙafata ya tashe ni. Ya kumbura, ya yi ja yana sheƙi, ko mayafi ya shafe shi sai na yi ƙara. Da aka auna jinina, sinadarin yurik asid ya kai 9.1. Likita ta ce da zarar ya haura 6.8 yakan fara daskarewa a gaɓɓai kamar ƙananan allurai, wannan shi ne ciwon gawut. Ta rubuta mini allopurinol, maganin rage yurik asid a jini. Da na ji maganin na kullum ne, sai na cusa takardar a aljihu, na koma ga tsirrai.

Kowace safiya nakan dafa ɗanyar citta da kurkum, in matse lemun tsami a ciki. Kwana goma ciwon ya ɗauke, har na fara koya wa mutane haɗin ina cika baki. Ashe zafin gawut yakan lafa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Bayan wata uku na sake awo: 8.7. Ba a yi mako biyu ba ciwon ya dawo ta idon sawu, har takalmi ya ƙi shiga.

Ban raina citta ba, tana sanyaya mini kumburi, kuma har gobe ina sha. Sai dai rage zafi daban, rage sinadarin daban. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku na yurik asid, shi ya sa likitar ta fi damuwa da yawan ruwan da nake sha fiye da abin da nake jiƙawa a ciki. Da na kawo mata zancen ceri, wani ɗan itace ja ƙarami, ta ce wani bincike na 2012 ya nuna masu cinsa sun samu raguwar tashin ciwon da kashi 35 cikin ɗari, waɗanda suka haɗa da allopurinol kuwa kashi 75. Ta yi dariya ta ƙara da cewa ai colchicine ɗin da ake ba masu gawut ma daga tsiro aka ciro shi.

Na lalubo takardar nan, duk ta yamutse, na fara shan maganin. Na bar cin hanta da ƙoda da kifin sadin, na bar lemon kwalba, wanda ya fi ba ni wuya. Awon watan jiya ya nuna 5.8, kuma kofin cittar yana nan kusa da kwalin maganin.